Bashin dogon zango da kuɗin haya: ina ake dubawa kafin a sayi hannun jari?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Akwai wani kamfani mai shaguna da yawa da nake son sayen hannun jarinsa. Ribarsa ba laifi, kuma manhajar da nake duba farashi ta nuna bashinsa ba shi da yawa. To amma da na buɗe rahotonsa na shekara sai na ci karo da wani layi daban na bashin haya, wanda ya kusa kamo bashin bankin. Shi ma bashi ne? Kuma da me ake gane cewa bashi ya fi ƙarfin kamfani?

Malam Akanta: Wa'alaikumussalam. Bashi ne, ƙanena. Kamfanin da ya sa hannu cewa zai biya hayar gini shekara 15, ko ya yi ciniki ko bai yi ba sai ya biya, kamar dai wanda ya ranto kuɗi ya sayi ginin. A da ba a shigar da yawancin irin wannan haya cikin takardar kadarori da basussuka, sai ka tono ta can cikin bayanan ƙarshen rahoto. Hukumar tsara ƙa'idojin lissafi ta duniya, IASB, ta ƙiyasta a 2016 cewa kamfanonin da ke kasuwannin hannun jari na ɗauke da alƙawarin haya na kusan dala tiriliyan 3.3, kuma sama da kashi 85 cikin 100 ba ya fitowa a takardar. Dalilin kawo ƙa'idar IFRS 16 ke nan, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019. Amurka ma ta yi tata, ASC 842, manyan kamfanoninta suka fara bi a wannan shekarar. Abin da aka yafe a IFRS 16 shi ne hayar wata 12 ko ƙasa da haka, da ƙananan kaya irin su kwamfuta da kujerun ofis.

Hajiya Mai Jari: Ni shawarata ɗaya ce tukuna: ka rabu da lambar nan ta manhaja. Wata manhajar tana haɗa haya cikin bashi, wata ba ta haɗawa, kuma ba za su gaya maka ba. Ka koma rahoton, ka nemi bayanin da aka yi a kan basussuka, akwai jadawalin wa'adin biya. Nan za ka ga nawa za a biya cikin shekara ɗaya, nawa tsakanin ɗaya zuwa biyar, nawa bayan haka. Sai ka ɗauki na shekara biyun farko ka ajiye kusa da tsabar kuɗin da ke hannunsu, da rancen da banki ya amince musu amma ba su taɓa ba. Idan ya rufe, hankali ya ɗan kwanta. Idan bai rufe ba, to kamfanin yana rayuwa ne da fatan za a sake ba shi rance, kuma wannan ba a hannunsa yake ba. Kamfanoni biyu za su iya ɗaukar bashi iri ɗaya, na farko a warwatse cikin shekara 10, na biyu duk a cunkushe baɗi. Ba su da haɗi ko kaɗan.

Sabon Shiga: Na gode Hajiya. Malam, an ce mini in raba bashi da EBITDA. Na yi, ya ba ni 2. Wai hakan ya yi kyau?

Malam Akanta: Nan ne ramin yake. EBITDA ita ce ribar aiki kafin a cire kuɗin ruwa da haraji da raguwar darajar kadarori. Tun da IFRS 16 ta zo, kuɗin haya ya bar cikin kuɗin gudanarwa, an raba shi gida biyu: raguwar daraja da kuɗin ruwa. Duka biyun kuwa ba a cire su a EBITDA. Ka ga ke nan EBITDA ta kumbura alhali ko kwabo bai ƙaru a aljihun kamfanin ba.

Bari in ƙirƙiro misali. A ce bashin banki da takardun lamuni (takardun bashi da kamfani ke sayar wa masu zuba jari) miliyan 500 ne, bashin haya 400, tsabar kuɗi a hannu 100, EBITDA 200, hayar da ake biya a shekara kuma 60. Mai gaggawa zai cire 100 daga 500, ya raba da 200, ya samu 2, ya yi murna. Amma ya ci moriyar rashin cire haya daga EBITDA a ƙasa, ya kuma ƙi sa bashinta a sama. Hanya biyu ce daidai. Ko dai ka haɗa hayar: 500 da 400, cire 100, saura 800, raba da 200, ka samu 4. Ko ka fitar da ita gaba ɗaya: 400 a sama, a ƙasa ka cire 60 daga 200, saura 140, ka samu kusan 2.9. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta ga duk kamfanonin da kake gwadawa. Ka sake duba naka 2 ɗin, ina zaton ta hanyar mai gaggawa ka bi.

Ɗalibar Lissafi: Malam, a ba ni dama in ƙara kaɗan. Idan kamfanin na Amurka ne labarin ya sha bamban. A ASC 842 hayar gudanarwa tana fitowa a takardar basussuka, amma kuɗinta yana nan cikin kuɗin gudanarwa, don haka EBITDA ɗinsu ta riga ta ɗauki nauyin haya. Wanda ya ajiye kamfanin Amurka kusa da na Turai bai gyara wannan ba, zai ga kamar na Turai ya fi riba. Sai kuma takardar shige da ficen kuɗi. A IFRS 16, uwar kuɗin haya da ake biya tana komawa sashen harkokin rance, ba sashen gudanarwa ba. Saboda haka in kana lissafin rarar kuɗin da ta rage wa masu hannun jari, sai ka je can ka ciro ta ka cire da hannunka. Wasu kamfanonin suna cirewa da kansu a rarar da suke sanarwa, wasu ba sa yi, kuma suna rubuta yadda suka lissafa da ƙananan haruffa.

Baba Dattijo: 'Yata kin yi daidai. Amma Malam Akanta, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba cewa haya da bashin banki abu ɗaya ne. Mai shaguna 300 yana da yarjejeniyoyi 300, kowacce da ranar ƙarewarta. Idan wani shagon ba ya kawo komai, sai a jira wa'adinsa a miƙa makulli. Ana iya zama da mai gini a rage haya, an ga haka sosai a 2020 lokacin korona. Takardar lamuni kuwa ranarta ɗaya ce, ta zo ta zo. To ni abin da nake dubawa shi ne tsawon hayar idan aka gwada da tsawon kuɗin shigar. WeWork, kamfanin Amurka mai ba da hayar ofisoshi, shi ne babban darasi. Takardun da ya fitar a 2019 lokacin da yake son shiga kasuwar hannun jari sun nuna alƙawarin haya na kusan dala biliyan 47, yawanci na shekaru masu yawa, shi kuma yana ba mutane ofisoshin na wata-wata ko shekara ɗaya. Masu hayarsa na iya tafiya gobe, shi ba ya iya tafiya. A Nuwamban 2023 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi.

Malam Akanta: Baba, na karɓi gyara a kan sauƙin fita. Sai dai ku lura, lambar da ke takardar ma takan gaza gaskiyar nauyin. Hayar da ake biya gwargwadon ciniki ba ta shiga cikin bashin haya. Zaɓin tsawaita yarjejeniya ba ya shiga sai idan shugabannin kamfanin sun ce suna da tabbacin za su tsawaita. Kamfanin da ke sa hannu a hayar shekara uku-uku yana sabuntawa zai nuna ƙaramin bashin haya, alhali ba zai iya ciniki ba sai da shagunan nan. Sannan adadin ruwan da aka yi amfani da shi wajen mayar da biyan gaba zuwa darajar yau, in ya yi sama bashin sai ya yi ƙasa. Shi ya sa har yanzu nake gwada lambar da tsohuwar dabarar masu nazari, ta ninka hayar shekara sau 8. Ba ma'auni ne mai kyau ba, amma in tazarar ta yi yawa na san akwai abin karantawa.

Injiniya: Ni ɓangaren ruwa zan taɓo. Ka duba nawa ne na bashin ke kan ruwa tsayayye, nawa ke kan mai hawa da sauka. A farkon 2022 ruwan babban bankin Amurka yana dab da sifiri, zuwa Yulin 2023 ya kai tsakanin 5.25 da 5.5 cikin 100. Masu ruwa mai motsi sun ji a jikinsu nan take. Masu tsayayye sun samu jinkiri ne kawai, ranar sabunta bashi za su haɗu da sabon farashi. Raba ribar aiki da kuɗin ruwan shekara, ka ga sau nawa ta rufe shi, sannan ka sake lissafin kamar bashin da zai ƙare baɗi an sabunta shi a farashin yau. Haka kuma ka duba da wane kuɗi aka ci bashin. Wanda ke ciniki da kuɗin ƙasarsa amma bashinsa na dala ne, faɗuwar darajar kuɗin ƙasar kaɗai tana iya ninka masa nauyi.

Hajiya Mai Jari: Kada a manta da sharuɗɗan masu ba da rance. Banki yakan ce kada bashi ya wuce ninki kaza na riba, in ya wuce yana da ikon neman kuɗinsa nan take. Daga 2024 ƙa'idar IAS 1 ta tilasta ƙarin bayani a kan waɗannan sharuɗɗa, don haka nemo su ya yi sauƙi. Tazarar da ta rage kafin a karya sharaɗin ita nake nema. Kuma in abu ya matse, rabon riba ga masu hannun jari ne ake fara tsayarwa, mu ne a ƙarshen layi.

Baba Dattijo: Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba samunsa ne aibi ba. Kamfanin wutar lantarki mai kuɗin shiga tabbatacce yana ɗaukar ninkin da zai kashe kamfanin jiragen sama. Wanda nake tsoro shi ne bashin da ba a kira shi bashi ba. Kamfanin gine-gine na Carillion na Birtaniya, da ya rushe a Janairun 2018, yana da tsarin da banki ke biyan masu kawo masa kaya da wuri, shi kuma ya biya bankin daga baya, amma ba a lissafa kuɗin cikin rancensa ba. Akwai kuma giɓin asusun fansho, da lamunin da kamfani ya tsaya wa wasu. In ka ga kwanakin da kamfani ke ɗauka kafin ya biya masu kawo kaya suna ta ƙaruwa shekara bayan shekara, ka tambayi dalili.

Sabon Shiga: Na koma na duba. Gaskiyar Malam, da haya ya zama 3.8. Kusan rabin bashin lamunin kuma zai ƙare cikin wata 18, tsabar kuɗinsu ba ta kai ba, amma suna da rancen banki da ba su taɓa ba wanda zai cike giɓin. S&P mai auna amincin masu cin bashi ta ba su matakin BBB-. In saya ko in haƙura?

Injiniya: Wannan hukuncin naka ne. Amma ka sani BBB- shi ne matakin ƙarshe na bashi mai aminci a ma'aunin S&P da Fitch, a Moody's kuma Baa3. Taki ɗaya ƙasa, wasu manyan asusun zuba jari dokarsu ba ta bari su riƙe takardun, ruwan sabon rance kuma ya tashi. Ka duba ko sun ce makomar matakin tsayayya ce ko mai karkata ƙasa. In takardun lamuninsu na kasuwa, ka ga nawa ake sayar da su. Masu lamuni sukan riga masu hannun jari jin ƙaurin matsala.

Malam Akanta: Ka kuma duba ranar ƙarewar rancen bankin da ba su taɓa ba. In shi ma cikin wata 18 ɗin zai ƙare, bai cike komai ba. Yana nan cikin bayanin basussuka, yawanci a ƙasan jadawalin da Hajiya ta ambata. Sai ka buɗe rahoton masu binciken kuɗi ka ga ko sun ɗaga wata shakka a kan ci gaban kamfanin da aiki. Turo mana ranar da sharuɗɗan rancen, mu duba tare.