Ɗana ya nace sai ya zama gola a hokin ƙanƙara: wane ne Grant Fuhr?

Baƙuwar Edmonton ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah waɗanda suka daɗe a Kanada ku taimaka min da shawara.

Shekararmu uku a Edmonton. Ɗana na biyu shekararsa 9 yanzu. Sanyin bara muka sa shi a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta yaran unguwa, don na gaji da ganinsa a ƙunshe cikin gida daga Nuwamba har Maris, ba abin da yake yi sai kallon talabijin. A rukunin 'yan ƙasa da shekara 9 ba su da gola tsayayye, karɓa-karɓa ake yi, kowane yaro da ranarsa. Da layi ya zo kansa sai aka kai su wasa Spruce Grove, a wani fili da aka sa wa suna Grant Fuhr. An ci shi bakwai. Ina zaune cikin 'yan kallo gabana sai faɗuwa yake, na tabbata da kuka zai fito. Sai ga shi ya fito yana haki, gumi sharkaf cikin wannan uban sanyi, yana cewa, "Umma, kin ga wadda na cafke da hannu?" Tun daga ranar ba shi da zance sai raga.

Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature mai kirki, da ya ji labari sai ya kawo masa wani tsohon kati mai hoton gola baƙar fata da rigar Oilers, babbar ƙungiyar hokin Edmonton, lamba 31. Shi ne Grant Fuhr ɗin. Katin nan yanzu a ƙarƙashin matashin kansa yake kwana.

Bana za su shiga rukunin 'yan ƙasa da shekara 11, kuma koci ya aiko da takarda yana tambaya ko mun yarda ya zama gola na dindindin. Babansa ya duba alƙaluman mutumin, ya ce ai wannan a kowane wasa fiye da uku ake cinsa, to ina gwanintar? Ni kuma tsorona daban ne, ba na son a dinga jifan ɗana da wannan faifan roba mai tauri da suke bugawa a madadin ƙwallo. Wane ne Fuhr, me ya sa mutanen garin nan suke girmama shi haka? Kuma in sa hannu a takardar nan ko in hana?

Dattijon Alberta ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Na sauka Edmonton a Satumban 1985 don karatu, ko sunan wasan nan ban taɓa ji ba. Abokan zamana ne suka koya min shi a gaban wata 'yar talabijin, kuma Fuhr ne ya fara ɗaukar hankalina, don a wancan lokacin da wuya ki ga baƙar fata a kan ƙanƙara.

Ɗan Spruce Grove ne, inda ɗanki ya yi wasan nan. An haife shi 28 ga Satumba, 1962, wasu ma'aurata Turawa suka ɗauke shi riƙo tun yana jariri. Ya yi wasan matasa a Victoria Cougars, a 1981 Oilers suka zaɓe shi, shi ne mutum na 8 da aka ɗauka a zaɓen 'yan wasa na shekarar. Yana ɗan shekara 19 har ya shiga ragar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka. Ya ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, sau biyar, 1984, 1985, 1987, 1988 da 1990, kodayake na ƙarshen rauni ya zaunar da shi, Bill Ranford ne ya tsare raga.

Maigidanki bai yi ƙarya ba. Matsakaicin cin da aka yi wa Fuhr a duk rayuwarsa ta wasa 3.38 ne, kuma ya kare kashi 88.7 cikin ɗari na bugun da aka yi masa, alhali golan kirki na yau yana kare kashi 91 ko fiye. Amma ki ce masa ya duba ƙungiyar da mutumin yake tsare wa raga. Oilers ɗin koci Glen Sather ba su san komawa baya ba. A kakar 1983 zuwa 1984 sun ci 446 a wasa 80, har yau ba ƙungiyar da ta kamo su. Paul Coffey ɗan baya ne, amma a kakar da na iso ya ci 48 shi kaɗai. To idan ɗan bayanki yana can gaba tare da taurarin 'yan gabansu Wayne Gretzky da Jari Kurri yana neman ci, wa aka bari a gida? Sau tari mutum biyu za su taho wa Fuhr da gudu, ɗan baya ɗaya tal ne a gabansa, wani lokacin ma babu kowa. Ga kayan zamanin ƙanana ne, kariyar ƙafar ta fata ce da aka cusa wa gashin barewa, tana shan ruwa tana ƙara nauyi yayin da wasa ke nisa.

Abin da mutanen garin nan suke tunawa shi ne lokacin da yake rufe ƙofa. Za a iya cinsa huɗu ko biyar, amma idan wasa ya zo gargara, ci ɗaya ne tsakani, sai ya zama bango. A wasan farko na zagayen ƙarshe na neman kofin 1984, New York Islanders da suka ɗauki kofi sau huɗu a jere sun yi ta bugu har aka tashi ba su ci shi ba, Oilers suka yi nasara 1 da 0. Wannan ban gani da idona ba, ba ni labari aka yi. Wanda na gani shi ne Kofin Kanada na Satumban 1987 da Tarayyar Sobiyet. Wasa uku aka yi na ƙarshe, kowanne 6 da 5 aka tashi. A na ukun, a Hamilton, ba a yi minti goma ba Rashawa suka zura masa uku, Kanada ba ta da ko ɗaya. Abokan zamana suka kama kai. Shi kuwa ya kwaso faifan daga raga, ya gyara tsayuwa, kamar yanzu aka fara wasa. Kanada ta farfaɗo, Mario Lemieux ya ci na shida saura minti ɗaya da daƙiƙa 26. Duk wanda ya kalli daren nan ya san bugun da Fuhr ya hana ne suka ba su damar dawowa. Gretzky ya sha faɗa cewa a wurinsa ba golan da ya kai shi.

Akwai kuma daren 30 ga Afrilu, 1986, wasa na bakwai, na raba gardama, da Calgary, ana 2 da 2. Wani matashin ɗan bayansu, Steve Smith, ya so miƙa faifan daga bayan raga, ya bugi ƙafar Fuhr ya faɗa ragarsu. Da wannan aka fitar da su. Garin nan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Shekara ta zagayo suka dawo suka ɗauki kofin, kuma Smith ne mutum na farko da Gretzky ya miƙa wa.

Ba zan ɓoye miki ɗaya ɓangaren ba. A Satumban 1990 hukumar NHL ta dakatar da shi saboda ta'ammali da hodar iblis, ya kuma amsa laifinsa. An sassauta masa ya dawo a Fabrairun 1991, kuma ranar da ya dawo ya hana New Jersey ci ko ɗaya, aka tashi 4 da 0. Daga nan aka yi ta yawo da shi, Toronto, Buffalo, Los Angeles, har mutane suka ce ya ƙare. Da ya je St. Louis a 1995, koci Mike Keenan ya kore shi daga sansanin atisaye saboda ƙiba. Ya je ya rage, ya dawo ya buga wasa 79 cikin 82 yana ɗan shekara 33. Har gobe ba golan da ya buga haka a kaka ɗaya. Ya ajiye sanda a 2000 da nasara 403, a 2003 ya zama baƙar fata na farko da aka shigar Zauren Gwarazan Hoki da ke Toronto.

Ni dai da jikana ne, zan sa hannu.

Tsohon Gola ya rubuta:

Hajiya, ni daga Kano nake rubutu, kuma ƙwallon ƙafa na tsare wa raga, shekara goma sha ɗaya, daga makaranta har ƙungiyar unguwa. Abu ɗaya na kama a maganarki. An ci yaro bakwai, ya fito yana ba ki labarin ɗaya da ya kama. Wallahi wannan shi ne abin da koci ba ya iya koya wa yaro. Na ga yara masu tsalle kamar kyanwa, ana cinsu ɗaya sai jikinsu ya mutu, su yi ta waiwayen raga har a ƙara musu uku. Ɗan gaba zai ɓarar da dama biyar, ya ci ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa. Gola ya hana goma, ɗaya ta wuce ta tsakanin ƙafarsa, da ita za a riƙa kiransa har a wurin biki. Yaron da wannan ba ya karya shi, kada a cire shi daga raga.

Baba Dattijo, tambaya gare ka. Ragarmu ƙafa 24 ce a faɗi, 8 a tsayi. Na ga ta hoki 'yar mitsitsiya ce. In aka sa ƙaton mutum da waɗannan kaya, ba zai toshe ta gaba ɗaya ba?

Uwar Gola a Winnipeg ta rubuta:

Malam Tsohon Gola, bari in amsa kafin Baba ya dawo. Ragar ƙafa 6 ce a faɗi, 4 a tsayi, amma faifan faɗinsa inci 3 ne kacal, nauyinsa wajen giram 170, daskarar da shi ake yi kafin wasa, kuma bugun manyan 'yan wasa yana haura kilomita 160 a awa. Kafar da ba ta fi tafin hannu ba ta ishe shi. Ga mutane tsaye a gaban gola suna tare masa gani da gangan.

'Yar'uwa, 'yata shekararta 14, shekara biyar ke nan tana tsaron raga. Ina ganin girman Baba, amma labarin Fuhr kada ya zama ma'auninki. Ƙungiyoyin NHL 32 ne, kowacce gola biyu, gurbi 64 ke nan ga duniya baki ɗaya. Kuma irin Fuhr da ya shiga yana 19 ba su da yawa, gola ba ya nuna da wuri. Henrik Lundqvist shi ne na 205 a zaɓen 2000. Tim Thomas ya yi ta gararamba a Finland da ƙananan gasanni, sai da ya haura 30 ya samu wurin zama a Boston, ya ɗauki kofi a 2011 yana 37. Ki sa shi don yana so, ba don sana'a ba.

Tsoronki na faifan kuwa, ba nan matsalar take ba. Tun 1959 da gola Jacques Plante ya ƙi komawa fili sai da abin rufe fuska, kayan sai ƙara inganci suke, kuma bugun yara 'yan shekara 10 ba ya ratsa su. Abu biyu nake so ki sa wa ido. Na farko kariyar wuya. A 1989 wuƙar takalmin wani ɗan wasa ta yanki Clint Malarchuk, golan Buffalo, a wuya, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Dole ce ga yara a nan, amma suna son sassauta ta don tana damunsu, ki riƙa dubawa da hannunki. Na biyu ƙugu. Golan yau ba a tsaye yake karewa ba kamar zamanin Fuhr. Salon malam-buɗe-littafi ake koya musu, wanda Patrick Roy ya yaɗa, a faɗi kan gwiwa a baje ƙafafu gefe. Yaro zai yi wannan sau ɗari a atisaye ɗaya, kuma ƙugun da bai gama girma ba yana jin jiki. 'Yata ta yi wata biyu a zaune tana 12 saboda na biye wa atisayen bazara. Yanzu daga Mayu zuwa Agusta ba ta taka ƙanƙara, ninƙaya da ƙwallon ƙafa take yi.

Kaya kuma kada ki sayi sabo, cikakken saiti yana haura dala 1,000 kuma cikin shekara biyu ya yi masa kaɗan. Ki tambayi ƙungiyar, da yawansu suna ba ƙananan gololi aro. Sauran ki nemi gwanjo, ban da hular, ita sabuwa.

Dattijon Alberta ya sake rubutawa:

Hajiya ta Winnipeg ta fi ni gaskiya a kan ƙugu, ku bi maganarta. Shi kansa Fuhr gwiwa ce ta cinye shi, tun da wani ɗan wasan Toronto ya faɗo masa a wasan neman kofi na 1996 bai sake komawa daidai ba.

Na manta abu ɗaya da zai kwantar wa maigidanki hankali. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya tashi a St. Albert nan kusa da mu. Shekarunsa biyu na farko a hoki gola ne, kuma Fuhr yake kwaikwayo. Daga baya ya fito daga raga ya koma gaba, ya ci 625 a NHL. A kakar Fuhr ta ƙarshe a Calgary ma tare suka yi wasa. Takardar da za ki sa wa hannu ta kaka ɗaya ce.

Baƙuwar Edmonton ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Jiya da daddare mun nemo wasan Hamilton ɗin a YouTube mun kalla mu uku. Da aka ci na uku babansa ya juyo ya tambayi yaron, in kai ne me za ka yi? Ya ce zai sha ruwa ya jira na gaba. Babansa bai ce komai ba, amma da asuba na tarar ya sa hannu a takardar ya ajiye a kan tebur.

Mun yi magana da koci, suna da kayan aro, hula kawai za mu saya. Na kuma gaya masa atisayen safiyar Asabar ba zai yiwu ba saboda Islamiyya, ya ce akwai na yammacin Laraba. Maganar dakatarwar 1990 ban faɗa wa yaron ba tukuna, zan bari ya ƙara wayo, amma daga bakina nake so ya ji.

Yaya ta Winnipeg, yaya ake gane hular ta zauna daidai a kan yaro? Ranar Lahadi za mu je gwadawa.