Mahaɗan Kafofin Sada Zumunta a Idon Google

Masu gina shafukan intanet da suka tattauna batun ko mahaɗan (links) da ake yaɗawa a kafofin sada zumunta na taimaka wa shafi a binciken Google sun yi ittifaƙi: kada ka dogara da yaɗa mahaɗi a Facebook don ɗaga shafinka a sakamakon bincike. Galibin mahaɗan na ɗauke da alamar nofollow, mai gaya wa injin bincike kada ya ba mahaɗin nauyi, wadda ta fito a 2005, kuma tun 2019 Google ke ɗaukarta a matsayin manuniya, ba umarni ba. Amfanin mahaɗan jawo mutane ne.

Jan kunnen da ya fi muhimmanci a ganina na kan fayil ɗin robots.txt, inda mai shafi ke rubuta wuraren da ba ya son injin bincike ya shiga. Yana hana injin bincike shiga shafi, amma adireshin kan iya fitowa a sakamako idan wasu shafuka sun nuna shi. In ɓoyewa kake so, sa alamar noindex, mai gaya wa injin kada ya nuna shafin a sakamako, ka kuma bar ƙofa a buɗe a robots.txt domin injin ya gan ta.