Wai dare ya mutu a Kano?

Mai shago a Kwari: Jama'a, ina nan a kan bakana: daren Kano ya mutu, rana kaɗai ta rage mana. Da sai an tashi daga kasuwa ake fara hira. Yanzu ana idar da isha'i kowa ya ja ƙyaurensa.

Direban adaidaita: Alhaji, ba mutuwa ya yi ba, kashe shi aka yi. A watan Yulin 2022 gwamnati ta sa dokar hana mu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Acaɓa kuwa tun Janairun 2013 aka hana shi, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. To wanda ba shi da mota, a me zai koma gida?

Ɗan Zoo Road: Haba Alhaji, wace Kanon? Ku zo layinmu sha ɗaya na dare. Mai tsire na yayyafa ƙuli, mai shayi na juya ƙwai da indomi a ƙarƙashin fitilar sola, benci ya cika har wasu a tsaye suke sha. Lokacin sanyi wasan Zakarun Turai ba ya tashi sai wajen sha ɗaya, daga gidan kallo kuma teburin shayi ake zarcewa a ƙarasa musu.

Malamar jinya: Ƙanina, a cikin masu cika titin nan, nawa ne suka zo a ƙafa daga Kurna ko Rijiyar Lemo? Ko dai 'yan unguwar ne, ko masu mota. Ni in aka tashe ni aiki da dare, wayata a cikin zani nake ƙulle ta saboda masu ƙwace. Mace mai naƙuda kuma, sai an bi maƙwabta ana ƙwanƙwasa ƙofa ana neman mai mota. Daren yana nan, amma ba na kowa ba ne.

Baba Malam: Ku yara, birnin nan dama ba na yawon dare ba ne. Ganuwa aka yi masa, kowace ƙofa da sarkinta, dare na yi a rufe. Darenmu a cikin unguwa yake: tatsuniya a tsakar gida, almajirai a gindin wutar kara, samari a zaure wajen zance. Abin da Alhaji yake kewa daren silima ne da Sabon Gari, wannan kuwa a wajen ganuwa ya tashi.

Mai shago a Kwari: Allah ya gafarta Malam, ni fa ban ambaci Sabon Gari ba! Majalisar ƙofar gida nake nufi. Ina take?

Baba Malam: Tana cikin wayar da kake rubuta mana wannan.

Tela: Ni ranar ma nake tuhuma. Watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga ba wuta, ga go-sulo daga Ƙofar Wambai har Bata. Wa ke aikin kirki da azahar? Wuta in za ta zo, sau da yawa tsakar dare take zuwa. Goman ƙarshe na azumi mu a kan keke muke yin sahur, gari kuma cike da masu tahajjud.

Malamar jinya: Wannan na wata ɗaya ne, Yaya. Ragowar sha ɗayan fa?

Direban adaidaita: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. An ce ɓarayin waya da adaidaita suke amfani, ban musa ba, akwai ɓata-gari. Amma lambar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, tana jikin kowace adaidaita. A kama mai laifi mana, a bar ni in ɗauko wanda motarsa ta sauke shi a tashar Unguwa Uku sha biyun dare da kaya niƙi-niƙi.

Ɗan Zoo Road: Shi ke nan, gobe Alhaji ya zo, shayin a kaina.

Mai shago a Kwari: Ka zo ka ɗauke ni, ka kuma mayar da ni. Ba na tuƙin dare.