Muhawara: faifan Death Grips waƙa ne ko hayaniya?

Nura: Jama'a, na saurari The Money Store na Death Grips, 'yan Sacramento ɗin nan na Amurka, kuma ina nan kan bakana: wannan ba waƙa ba ce, hayaniya ce. Mawaƙinsu MC Ride sai ihu, ganguna sai rugugi, ba inda kunne zai huta.

Hadiza: Haba Yaya Nura. Koma kan waƙar farko, Get Got, ka sa iyafis. A nan ba ihu yake ba, murya ƙasa-ƙasa yake zubo kalmomi da sauri, kiɗan na kewaye shi kamar zai tarwatse amma bai taɓa kuskure bugu ba. Mai gangarsu, Zach Hill, ya daɗe yana kiɗa a ƙungiyar Hella. Wanda bai iya ba ba zai riƙe wannan ba.

Nura: Iyawa daban, daɗi daban, ƙanwata.

Hadiza: Ai ba don daɗi suka yi shi ba. Tsoro da ƙuncin zuciya suke so ka ji a jikinka. Ka ce ya dame ka, to ya kai inda aka aike shi.

Malam Sabo: Ni damuwata daban ce. Ana ta kiransu 'yan bayan fage masu bijire wa manyan kamfanoni, alhali Epic, reshen Sony, ne ya fitar da faifan a Afrilun 2012. Ina bijirewar?

Bashir: Malam, a duba abin da ya biyo baya. Da kamfanin ya so ɗage faifai na gaba, No Love Deep Web, sai suka sake shi kyauta a intanet ranar 1 ga Oktoba 2012. Suka kuma wallafa saƙon da kamfanin ya aiko musu a Facebook. A Nuwamba Epic ya sallame su. Mai neman kuɗi ba ya haka.

Malam Sabo: Amma sai da suka sa hannu a kwangila da idonsu biyu, Bashir. Karya alkawari ba jarumta ba ce.

Bashir: Wannan kam ba zan musa ba. Ni dai faifan nake karewa.

Hadiza: Ga abin da ba a taɓo ba. Wasu sautukan The Money Store daga Music from Saharan Cellphones aka ciro su, waƙoƙin da aka tattaro daga memorin wayoyi a Kidal ta arewacin Mali. Mdou Moctar na Nijar ma yana cikin tarin. Wannan ƙarar mai ƙaiƙayi da Yaya Nura ke ƙi, akwai ta ƙaramar waya da turawa ta Bluetooth a ciki.

Nura: To wannan ya fi komai taɓa ni. Duniya ta san Death Grips, mutum nawa suka san mawaƙan da aka yanko muryarsu? Turo min tarin, Hadiza, shi zan fara ji.

Hadiza: Zan turo. Amma ka haɗa da Get Got ɗin.