Birkin jif ya shanye a gangare, da ya huce ya dawo: masta ce ko man birki?

Mai_Jif:

Assalamu alaikum. Masana mota, ina neman haske. Jif ce mai injin fetur V6, giyarta otomatik, ƙirar 2008. A gangaren Hawan Kibo, ɗauke da mutum shida da kaya, fedar birki ta yi laushi, daga nan ta tafi har ƙasa. Sai da aka yi ta famfo kafin motar ta tsaya. Bayan kamar minti 40 birki ya dawo daram. Man birki bai ragu ba, ba a ga yoyo a ƙasa ba, fad na gaba (takalman birki da ke matse diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa da taya) kuma bai fi wata uku da sawa ba. Wani bakanike ya ce a canza masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka feda), wani ya ce ba komai tunda ya dawo. Wanne ne daidai?

Bakanike_Kaduna:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa. Duk su biyun ba su gano ba, amma na biyun ya fi haɗari. Man birkinka ne ya tafasa.

Man birki yana zuƙar danshi daga iska, ta murfin kofinsa da ta jikin tiyo na roba. Sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230. Idan ruwa ya shige shi da kusan kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 yana iya saukowa zuwa 140, DOT 4 zuwa 155. Kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse su a jikin diski, a doguwar gangara tana kai wannan zafin ba wuya. Da man ya tafasa sai tururi ya taru a cikin kalifa, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura fistin da ke danna fad. Ƙafarka tana danna tururi ne kawai. Da ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo kamar bai taɓa yin laifi ba. Ruwan yana nan cikin man, yana jiran gangara ta gaba.

Masta kuwa idan robobinta na ciki suka cinye, galibi ba ta jiran sai birki ya yi zafi kafin ta nuna matsala. Ga gwajin da za ka yi a ƙofar gida: ka ta da mota, ka ɗora ƙafa a birki da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe minti ɗaya. In fedar tana sulalewa ƙasa a hankali alhali mai bai ragu ba, masta ce. In ta tsaya wuri ɗaya, ka bar mastarka.

Aikin da za a yi shi ne a zubar da tsohon man gaba ɗaya, ba ciko ba. Lita ɗaya ta DOT 4 tana isa. A zuƙe na cikin kofi da sirinji, a zuba sabo, sannan a bi tayoyi ana buɗe nonon cire iska da sifana mai lamba 8 ko 10, ya danganta da motar. A yawancin motoci masu sitiyari a hagu ana farawa da bayan dama, sai bayan hagu, gaban dama, gaban hagu, har man da ke fita ya zama garau ba kumfa. Kada a bari kofin ya ƙafe ana cikin aiki, in ba haka ba iska ta shiga na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa, ita kuma fitar da iskarta sau da yawa sai da kwamfutar gwaji. A maimaita wannan duk shekara biyu. Kwalbar da aka buɗe tun bara tana ajiye a but, a jefar da ita.

DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 suna haɗuwa. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Man giya ko man sitiyari kuwa ko ɗigo kada ya shiga, kumbura robobi yake yi, daga masta har kalifa sai an sake su duka.

Tsohon_Direba:

Maganar Oga ta yi, sai dai ko sabon mai ka zuba, in ba a gyara tuƙi ba za a sake komawa gidan jiya. Jif da mutum shida da kaya tana kai tan biyu da rabi. Irin wannan nauyin in ya sauko tudu mai tsawon mita 300 a kan birki kaɗai, zafin da zai tara ya kai na a tsayar da motar daga gudun kilomita 100 sau bakwai a jere ba hutu. Kuma kaso mafi yawa a tayoyin gaba yake sauka.

Tun kafin ka fara gangarowa, ko Hawan Kibo ne ko saukowa daga tsaunin Mambila, ka fitar da giya daga D ka sa 3 ko 2, in gangaren ya yi tsanani L. Injin zai yi ƙara, ka ƙyale shi, aikinsa yake yi. Birki kuma ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu sosai, ka ɗage ƙafa gaba ɗaya diski ya sha iska. Ɗora ƙafa kaɗan-kaɗan tun daga sama har ƙasa shi ke dafa birki. Masu sa N ko kashe inji wai don tattalin fetur, su sani a yawancin motoci bustar birki, wadda ke ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, da iskar da inji ke zuƙa take aiki. Inji na mutuwa, taku biyu ko uku ya rage maka, daga nan fedar ta zama dutse.

In ya shanye kana tafe: sauke ƙafa daga totur, yi famfo da sauri, rage giya ɗaya bayan ɗaya, ja birkin hannu a hankali kana riƙe da maɓallinsa don ka iya saki in bayan motar ya fara zamewa. Kada ka fizge shi, jif tana da tsayi, juyewa gefe ɗaya kan kai ta ga kifewa. Kada ka kashe makulli. In ka samu ta tsaya, kada a watsa wa diski ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Mai_Jif:

Na gode ƙwarai. Gwajin minti ɗaya an yi, fedar ba ta sauka ba. Amma wilin gaban dama ya fi na hagu zafi ko a cikin gari, kuma ƙurar birki ta fi yawa a kansa.

Injiniya_Jos:

To ka ga bakin zaren ke nan, Alhaji. Tayar nan tana riƙe da birki ko ba ka taka ba, wato ta isa bakin gangare da zafinta tun daga gida. A ɗaga motar a jak, a taka birki a saki, a juya tayar da hannu. In ta yi nauyi, a buɗe nonon cire iska kaɗan. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, zargin farko tiyon roba ne: cikinsa ya ruɓe, yana barin mai ya tafi amma ba ya barinsa ya dawo, daga waje kuma lafiya lau za ka gan shi. Idan ba ta saki ba, kalifar ce: ko fil ɗin da take zamewa a kansu sun bushe, ko fistin ya yi tsatsa saboda robar da ke kare shi daga ƙura ta yage. Wannan yakan biyo bayan canjin fad, lokacin da aka danne fistin mai datti ya koma ciki da ƙarfin tsiya. Fil ɗin a wanke su a sa giris na silikon. Giris ɗin ƙafa na yau da kullum yana kumbura robarsu. Tiyo kuma a canza hagu da dama tare.

A duba fad ɗin ma. Na ciki da na waje su kasance kauri ɗaya. In fuskarsu ta yi sheƙi kamar gilashi sun ƙone, a sake su ko da sababbi ne. In naman fad ɗin ya rage milimita 3 ma haka. Diski yana da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa, a auna, kada a yi ta kai shi ana fere shi a inji, don siririn diski ya fi saurin ɗaukar zafi. Bayan sa sabon fad, a nemi hanya mara cunkoso a rage gudu daga 60 zuwa 10 kamar sau takwas, ba tare da tsayawa cak ba, don ya zauna a kan diskin.

Abu biyu kuma ga masu karantawa. Jif ɗin da aka shigo da ita daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, a leƙa fayif ɗin ƙarfe na birki da ke bi ta saman tankin mai zuwa baya. Nan tsatsa ke ɓuya, kuma fashewa yake yi ranar da aka taka da ƙarfi. Maganinsa sabon fayif, ba a naɗe shi da roba ko a daddaƙe bakinsa a bar mota da birkin taya uku ba.

Na biyu, wasu Land Cruiser 100 da Lexus GX470 da wasu Prado 120 ba su da bustar iska. Famfon lantarki ne ke tara matsi a wani ɗan tulu da ke jikin masta. Gwajinsu daban: a kashe makulli, a taka birki sau 40 har fedar ta yi tauri, a duba mai a lokacin, sannan a kunna makulli a saurari famfon. Ya kamata ya yi shiru kafin ya wuce daƙiƙa 40. In ya zarce haka, ko yana tashi a kai a kai ba a taka birki ba, ko ƙararrawa ta kama kuka tare da fitilar birki da ta ABS, a ajiye motar a nan inda take, a kira mai janwe.