Wace kalma za mu sa wa hanyar da tauraron ɗan'adam ke bi?

Mai Shirin Rediyo, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum malamai. Akwai shirin da za a yi kan ko kuɗin da Najeriya ta zuba a harkar sararin samaniya ya biya. Kalma ɗaya ce ta tsaya mana a wuya, wadda Turawa ke cewa orbit, wato hanyar da tauraron ɗan'adam ke bi yana zagaya duniya. Wasu sun ce kewaye, wasu sun ce makewaya, wasu kuma da'ira. A taimaka mana da wadda manomi a Argungu zai ji ya gane.

Malamin Hausa, Gusau: Wa alaikumus salam. A ajiye makewaya tun yanzu, ta yi kusa da makewayi, kunnen mai sauraro can zai tafi. Da'ira kuma siffa ce kawai, ba ta nuna tafiya. Muna da falaki. Duk wanda ya yi karatun allo ya biya ta a Suratu Yasin, inda aka ce rana da wata kowanne yana iyo a cikin falaki, kuma dama ilimin falaki muke ce wa nazarin taurari.

Malamin Fiziks, Aliero: Allah gafarta Malam, na karɓi falaki. Sai dai a bayyana wa mutane cewa babu wata turba da aka shimfiɗa a sama. A dubi yaron da ke korar tsuntsaye a fadamar shinkafa da majaujawa: dutsen yana son ya miƙe ya tafi, igiya tana riƙe da shi, sai ya yi ta juyi. Jan da duniya ke yi wa kowane abu shi ne igiyar. Roka tana kai tauraro sama ta ba shi gudun gefe, idan gudun ya gaza ya faɗo, idan ya yi daidai ya yi ta zagaye ba tare da inji na tura shi ba. A nisan kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take, gudun kusan kilomita 28,000 ne a awa, zagaye ɗaya minti 90 da ɗan ɗoriya. A nisan kilomita 35,786 kuwa, gudun ya sauko zuwa wajen 11,000 a awa, zagayen kuma awa 23 da minti 56, daidai da juyin duniya. Waɗannan falakai biyu aikinsu daban, kuɗinsu daban, kuma duk wanda ya haɗa su a kalma ɗaya zai rikita muhawarar tun daga tushe.

Mai Saita Dish, Jega: To wanga na biyun shi munka sani. Ni dai kafaffen falaki nike ce mishi, don in ka saita dish ka ɗaure noti, shi ke nan. Daga nan yankin Birnin Kebbi, tauraron da DStv ke amfani da shi yana digiri 36 gabas, sai ka fuskantar da dish gabas, ya ɗan karkata kudu, siginar na zuwa daga tsayin wajen digiri 50. Fuskar farantin kanta ba ta kallon sama haka, don irin namu ana ƙera shi da karkata ta digiri ashirin da wani abu, nan ne sababbin yara ke kuskure, su ɗaga shi fiye da ƙima. Iska ta gusa shi kaɗan, hoto ya tsaya. Ruwa mai ƙarfi ya sauko, sigina ta ɗauke sai an ɗauke ruwan.

Malamin Fiziks, Aliero: Maigida, a aikinka kafaffe ya yi, amma a aji zai haifar da matsala, yaro zai ɗauka tauraron a tsaye yake cak. Tafiya yake, sai dai kafaɗa da kafaɗa da duniya, a saman layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Kuma ba ya zama a gurbinsa haka kawai, jan rana da na wata suna gusa shi, dole a riƙa kunna ƙananan injina ana mayar da shi. Man da ake yin wannan da shi ne yakan ƙayyade rayuwarsa, galibi shekara 15, in ya kusa ƙarewa a ɗaga shi kamar kilomita 300 sama a bar wa wani gurbin.

Malamin Hausa, Gusau: Idan haka ne, falakin rakiya. Ɗan rakiya tafiya yake yi, amma kullum ka waiwaya yana gefenka.

Injiniyar Taswira, Talata Mafara: Rakiya ta zauna, Malam. Na ƙasa-ƙasan kuma ina ba da shawarar falakin sintiri, domin taurarin ɗaukar hoto, a nisan kilomita 700 zuwa 800, suna bi ne ta ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, duniya na juyawa a ƙarƙashinsu, su wuce ta kanka su tafi sai wani jiƙon. Da kalmomin nan biyu tambayar kuɗin za ta rabu gida biyu. A sintiri, NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumban 2003 ya ci kimanin dala miliyan 13, kowane ɗigo a hotonsa mita 32 ne a ƙasa, kuma ya wuce shekara biyar ɗin da aka ɗiba masa yana aiki. A Agustan 2011 aka ƙara NigeriaSat-2 mai ganin mita 2.5 da NigeriaSat-X wanda injiniyoyinmu suka haɗa a Ingila. A rakiya kuwa, tauraron sadarwa NigComSat-1 da China ta harba mana a Mayun 2007 ya mutu a Nuwamban 2008, saboda na'urar da ke juya fuka-fukan solarsa su fuskanci rana ta lalace, wuta ta yanke. Sai Disamban 2011 aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a digiri 42.5 gabas. Shekara uku kenan babu komai a gurbin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ambaliya irin ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi. A Agusta da Satumba gajimare ya rufe sama, kyamara ba ta ganin fadama, namu na sintiri kuwa duk masu kyamara ne. Tauraro mai rada, wato na'urar da ke aika sigina ƙasa ta karɓi abin da ya dawo, shi ne ke ratsa gajimare dare da rana, shimfiɗaɗɗen ruwa ya fito baƙi ƙirin a hoton, busasshiyar ƙasa ta fito da haske. Sentinel-1 na Turai yana ba da irin wannan kyauta. Ana ɗaukar hoton kafin ruwa da na bayansa a ɗora su, a cire tsohon gadon gulbi, abin da ya rage shi ne hektocin da ruwa ya ci. Inda ake kuskure shi ne shinkafar da ta riga ta yi tsayi ta rufe ruwan, rada ba ta nuna ta baƙi, sai a ƙirga asarar ƙasa da yadda take. Dole wani ya shiga kwale-kwale ya duba wasu gonakin da ido. A ganina kuɗin da za a kashe wajen horar da masu wannan aiki a ma'aikatun gona na jihohi ya fi saurin dawowa kan sayen sabon tauraro.

Mai Shirin Rediyo, Birnin Kebbi: Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan rabin shirin ne kika ba mu. Mun ɗauki falaki, da falakin rakiya, da falakin sintiri. Malamin Fiziks, taurarin GPS da wayoyinmu ke amfani da su wajen nuna hanya fa, wanne suke?

Malamin Fiziks, Aliero: Ba ko ɗaya. Suna nisan kilomita 20,200, suna zagaya duniya sau biyu a rana. A ce musu falakin tsakiya, ya wadatar.