Ramin ruwan gidanmu ya daina sha, a zuƙe ko a haƙa sabo?

Ɗan Domayo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar gini ku taimaka min. A Marwa nake, arewacin Kamaru. Akwai ramin ruwa a bayan gidanmu cikin ɗan lambun da mahaifina ya bari, puwizar dai, wanda 'yan Najeriya ke cewa sokawe, tun 2011 aka haƙa shi aka cika da duwatsu aka rufe da siminti. Ruwan saman da ke sauka daga kwanon rufi can yake zuwa, na wanka da na wanke-wanke ma duk can. Shekara da shekaru ba mu taɓa jin kansa ba, amma tun daminar bara in aka yi ruwa sai ya kwana uku kwance a gindin mangwaro, ga wari ga sauro, zogalen Hajiya ya fara rawaya, bangon ɗakinta ma ya fara jiƙa daga ƙasa. Magini ɗaya ya ce a kira mota ta zuƙe, ɗayan ya ce ramin ya mutu a haƙa sabo, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. Wai shi shekara nawa yake yi ne? Sannan muna da rijiya a tsakar gida.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka ɓata kuɗinka wajen mota, mu mun kira, wlh ko wata biyu ba a yi ba ruwan ya dawo inda yake.

Baba Magini, Garwa:
Ɗana, magini na biyu shi ya faɗa maka gaskiya. Mota aikinta kwashe ramin masai ne mai ajiya, shi kuwa wannan ba ajiya yake ba, ƙasa yake shayarwa ta gefe da ta gindi. Abin da ya kashe naka maiƙon tukunya ne da sabulu da yashin da ruwan kwano ke jawowa, a hankali suke toshe tsakanin duwatsu su shafe bangon ramin kamar an yi masa yaɓe, to ko ka zuƙe ruwan yaɓen yana nan. Maganar shekaru kuma ramin ba shi da ƙa'ida, na ga wanda ya haura 20 a ƙasa mai yashi don ruwan sama kawai yake sha, na ga wanda bai kai 5 ba saboda ruwan kicin. Naka da ya ɗauki duka ukun tsawon shekarun nan ai ya yi ƙoƙari. In akwai darbejiya kusa ma ka duba bututun, saiwarta bin danshi take yi har ta cika shi.

Sabon kar ka haƙa shi a gurbin tsohon, ƙasar wurin ta riga ta ƙoshi. Matsa gefe, ya yi nisan mita 5 aƙalla daga ginin ɗaki, jiƙar bangon Hajiya ita ta fi damuna a duk bayaninka. Kuma ka raba ruwan, na sama daban na wanke-wanke daban, kowanne a gina masa ƙaramin akwatin siminti mai murfi kafin ya kai rami, rogar muke ce masa, nan yashi zai kwanta maiƙo ya taso sama a riƙa kwashewa. Wannan ɗan akwatin shi ne tsawon ran ramin, mutane shi suke yi wa rowa.

Malamin Lissafi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. In ƙara da girman rami don nan ake faɗuwa. Kwanon da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, ruwan milimita 40 in ya sauka a kansa lita 4000 ne, duro 20 kenan a dare guda, kuma a Ogusta ba abin mamaki ba ne. Ramin da aka cika da duwatsu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai wurin ruwa. Shi ya sa na fi son a gina shi da bulo a bar ƙofofi a jiki cikin ya zama fayau, a zuba tsakuwa ta waje. Ko kuma ka sa tanki ya tare rabin ruwan, rani na zuwa mangwaron zai nema.

Ɗan Domayo:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam. To ya zan san inda zan matsa ɗin yana shan ruwa?

Baba Magini, Garwa:
Gwadawa ake yi. A haƙa ɗan rami har zurfin da kake so, a cika shi da ruwa a bari ya shanye, a sake har sau uku, na ukun shi ne gaskiya don ƙasa ta jiƙa. In kwana ya zagayo ko rabi bai tafi ba wurin bai yi ba. Ku a Marwa sai an kula, kusa da mayo, wato kogi, akwai yashi amma wasu wuraren baƙar laka ce irin ta gonar masakuwa, karal, da rani ta tsage ka ɗauka za ta sha kogi, da ta jiƙa sai ta kumbura ta rufe. Shi ya sa gwajin cikin damina ya fi.

Hajiya ta Kusiri:
Kowa ya yi maganar rami ba wanda ya taɓa rijiyar. Ɗana ka tambayi kowane ma'aikacin lafiya, ramin ruwan datti ana so ya yi nisan mita 30 da rijiya, gindinsa kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Mu nan bakin kogin Lagon mun gani a ambaliyar 2022, ruwan ƙasa ya taso ramuka suka haɗe da rijiyoyi, kuma ka san kwalara ba baƙuwa ba ce a yankin nan. In filin gidanku bai kai ba ku bar rijiyar ga wanki da ban ruwa, na sha ku nemi na famfo.

Maman Biyu:
Kuma dan Allah ranar da za a fasa tsohon kar a bar yaro ko lebura ya leƙa ciki da wuri, iskar da ke taruwa a ramin tana sumar da mutum kafin ya yi ihu. A buɗe a bar shi ya sha iska, sannan a cike shi da ƙasa a daddage.

Ɗan Domayo:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na auna da igiya, mita 12 ne tsakanin rijiya da tsohon ramin, daga yau mun daina shan ta. Gobe in sha Allah za mu haƙa ramin gwaji ta wajen katangar gabas. Baba zan turo maka hoton ƙasar da ta fito ka duba min.